Yadda za ku buɗe layin sauraren ɗalibai a lakkwal da salula guda

Salamu alaikum abokan aiki. Ni mushe ne, wato malamin lakkwal, a wata CEG (ƙaramar sakandare) nan Tawa, kuma abin da zan faɗa ya shafi ɗiyanmu da ke shigowa kilas jiki na nan amma hankali na wani wuri. Kun san su, yaron da bara shi ne na gaba a lissafi bana ya koma bencin baya ya kifa kai, yarinyar da ta daina dariya tunda aka fara zancen aurenta a gida, wanda babanshi ya tafi biɗa Libiya ko Abijan shekara biyu ko kira babu. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 ɗaya na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin waɗannan matsaloli suna farawa kafin shekara 14. Ka duba kilas ɗinka mai yara saba'in ko tamanin ka yi lissafin da kanka.

Kafin ku sayi komi, ku zaɓi mutum. Salula ƙofa ce kawai, in yaro ya ƙwanƙwasa ba wanda ya amsa to gara ma ba a buɗe ta ba, don ba zai sake ba. Ku samu mutum biyu, mushe ɗaya madan ɗaya, waɗanda yaran da kansu suka yarda da su. Ku raba ƙananan takardu kowane ɗalibi ya rubuta sunan malamin da zai iya gaya ma damuwarshi ba tare da ya sa nashi sunan ba, za ku sha mamaki, sau da yawa ba wanda kuke zato ba ne. Kuma ba lalle sai likita ba. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya horar da kakanni mata suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraren mutane, aikin da ake kira Friendship Bench, kuma bincike ya nuna yana rage damuwa sosai. A Kenya ƙungiyar Shamiri matasa ƴan shekara 18 zuwa 22 take horarwa, su zauna da ɗaliban sakandare awa guda a sati har sati huɗu. To mu da muke tare da yaran nan kullum mi zai hana.

Bayan nan sai a je wajen diraktan da kwamitin lakkwal da iyayen yara, musamman ƙungiyar uwaye mata, a faɗa masu gaskiyar abin da za a yi. Ina roƙonku kada kalmar hauka ta fito bakinku a taron nan, ko taɓin hankali. Ku ce damuwa, yawan tunani, rashin barci, faɗuwar gaba lokacin jarrabawa. Uwa ta san waɗannan, ita ma ta sha su. In wani uba ya ce ai wannan iska ce sai rubutu da addu'a, kada ku yi gardama da shi, ku ce a ci gaba da addu'a kuma a haɗa da saurare da zuwa likita in ta kama.

Salular kanta ƙarama ta isa amma in da hali a samu mai WhatsApp. A sa mata layi sabo na aikin kaɗai, Airtel ko Moov ko Zamani, wanda rezo ɗinshi ya fi kamawa a unguwarku, a sa mata kod, kuɗin kiredi da na caji su fito daga asusun kwamiti kada su zama nauyin malami ɗaya. Yara da yawa ba su da kiredi, sai a ce masu ka yi bip mu za mu kira ka. A rubuta lambar a allo da bangon kilas tare da lokacin amsawa, misali daga la'asar zuwa isha'i, kuma a tsaya a kan lokacin. Madan ce ke amsa ma ƴan mata, wannan ba abin sassauci ba ne, yana kare yarinyar yana kare malamin.

Inda na fi so ku natsu shi ne sirri, don nan ne abin ke lalacewa. Galibin ɗalibanmu salular da suke taɓawa ta inna ce ko ta yaya, da dare kowa na iya buɗe ta. Saboda haka kada ka taɓa aika saƙon da ke cewa na ji abin da ke damunki game da gidanku. Ka rubuta abin da ko baba ya karanta ba komi, kamar a zo a gan ni gobe bayan kilas. In ka kira, tambayar farko ita ce kana inda za ka iya magana? Kada a aje sunan yaro cikin salula, a ba shi lamba, sunan ya zauna cikin kaye da ke kulle a biro. Kuma gurup na WhatsApp ba wurin faɗin damuwa ba ne ko kaɗan, yaro guda ya ɗauki hoton allo ya watsa shi ke nan ka rasa su duka har ƙannensu masu zuwa. Gurup na saƙon kowa da kowa ne kawai.

Saƙon nan na kowa da kowa ku yi shi da murya, minti ɗaya ko biyu, da Hausa, in akwai mai Tamajaq ko Fulfulde cikinku ya maimaita. Sau ɗaya a sati ya isa. Wani satin yadda ake jan numfashi a hankali a sake shi a hankali in gaba na faɗuwa, wani satin a aje salula kafin kwanciya, lokacin jarrabawar BEPC kuma a yi zancen tramol ƙiri-ƙiri, don akwai masu sha wai su kwana karatu. Mai son tsari cikakke ya nemi littafin EASE na OMS da UNICEF, zama bakwai da yara, uku da iyaye.

In yaro ya zo gabanka kada ka fara da nasiha. Bar shi ya gama, ko da shirun ya yi tsawo. Sannan ku zaɓi matsala ɗaya da za a iya taɓawa, ku lissafa hanyoyi tare, shi ya zaɓi wadda zai gwada, bayan kwana uku ka yi mashi kira ka ji ya aka ciki. Kiran nan na bibiya shi ne babban amfanin salular, har lokacin hutun damina da suke watsewa ƙauyuka.

Tun ranar farko ku gaya ma yara cewa sirri na da iyaka, in rai na cikin haɗari dole a sanar da babba. In yaro ya ce ya gaji da rayuwa, ko ya yi bankwana irin wadda ba ka gane ba, kada ka amsa da saƙo, kira shi nan take, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kanshi, tambayar ba ta sa mashi tunanin. In ya ce e, wani babba ya je inda yake kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera da ƙwayoyi daga ɗakin, a kai shi CSI, wato ƙaramin asibiti, mafi kusa, su kuma su tura shi babban asibitin jiha in ya wuce ƙarfinsu. Shi ya sa tun kafin a rubuta lambar a allo sai kun je kun gaisa da majo na CSI ɗinku, kun faɗa mashi abin da kuke shiryawa, kun amshi lambarshi kun aje ta ta farko cikin salular.