Kurakuran lissafin tafiyar jirgi tsakanin Dubai da Guangzhou

Na gaji da ganin sababbin 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya ƙasar Sin suna maimaita kurakurai iri ɗaya a kan hanyar Dubai zuwa Guangzhou, wadda tsawonta ya kai kusan kilomita 5,800.

Na farko shi ne rashin sanin cewa lokacin tashi da na sauka da aka rubuta a tikiti, kowanne da agogon garinsa aka rubuta shi. Agogon Sin yana gaban na Dubai da awa 4, saboda haka jirgin da ya tashi daga Dubai da ƙarfe 10 na safe ya sauka Guangzhou wajen 10 na dare bai yi awa 12 a sama ba, kimanin awa 8 ya yi. A dawowa kuwa ƙara awa 4 ɗin ake yi a kan tazarar da aka gani.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na tsakar dare. Idan tikiti ya ce 00:15 ranar Alhamis, to tun bayan sallar isha'i ta ranar Laraba ya kamata mutum ya kasance a filin jirgin Baiyun na Guangzhou. Na taɓa tura wani yaro ya yi mini sari, ya ga Alhamis a takarda, ya kwanta ya sha barcinsa a masauki a unguwar Xiaobei, sai daren washegari ya kinkimi jakunkuna ya tafi, alhali jirgin ya daɗe da sauka a Dubai. Ni na biya sabon tikiti da ƙarin kuɗin ɗaki, na kuma sha kunya a gaban waɗanda na yi wa alkawarin kaya. Wannan sakaci ne tsagwaronsa, domin tambaya ɗaya da ta wadatar! Tun daga nan ba na gaya wa kowa ranar tashin jirgi. Ranar da zai bar masauki da sa'arta nake rubuta masa da biro a bayan takardar tikiti.

Wasu kuma sukan raba nisan da gudun jirgi, wato kimanin kilomita 900 a awa, su ce tafiyar awa 6 da rabi ce. Sun manta da jiran izinin tashi, da hawa da sauka, da kewayen da hanyar sama kan yi. Haka nan dawowa ta fi zuwa daɗewa, domin iska mai ƙarfi ta can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, musamman lokacin hunturu.

Idan aka ga an rubuta nisan 3,600, a lura, mil ne. Kuma Dubai filayen jirgi biyu gare ta, don haka a duba ko DXB aka rubuta ko DWC kafin a shiga tasi.