Kyautar talla ga masu fiyano: inda masu saita sauti ke yin tuntuɓe

Mai saita sautin fiyano yakan ga abokin cinikinsa sau ɗaya ko biyu ne kawai a shekara, domin ƙa'idar da aka saba ita ce a saita fiyano duk wata shida. A tsakanin zuwa biyun nan, kyautar da ya bari ita ce wakiliyarsa a gidan. Saboda haka aikinta biyu ne: ta zauna kusa da fiyanon ba tare da ta cutar da shi ba, kuma ta tuna wa mai shi ranar da za a sake kira.

Kuskuren da ya fi muni shi ne ba da abin da za a ɗora a kan fiyano ya jawo ɓarna. Kofin shayi mai tambari, kyandir mai ƙamshi, tukunyar fure, duk a saman murfi suke ƙarewa. Ruwa kaɗan in ya zube ya shiga ciki, ulun da aka naɗe kan gudumomin da ke bugun tsirkiyoyi zai kumbura ya taurare, tsirkiyoyin ƙarfe su yi tsatsa, manne ya saki. Haka ma man goge katako na feshi: da yawansu akwai silikon a ciki, wanda idan ya kai ga ƙusoshin da ke riƙe tsirkiyoyi sai su fara zamewa, sauti ya ƙi tsayawa. A maimakonsu a ba da tsumma mai laushi irin na goge tabarau, santimita 30 a 30. A cire ɗan ƙyallen sunan kamfani da ake ɗinkewa a gefe, tambarin kuma ya zama ƙarami a kusurwa ɗaya, don fenti mai kauri yana karce ƙyallin baƙin fiyano.

Kada a taɓa ba da makullin ɗaure tsirkiya a matsayin kyauta. Fiyano yana da tsirkiyoyi kusan 230, jimillar jan da suke yi ya kai tan 18 zuwa 20, kuma wanda bai koya ba murɗa ɗaya ta ishe shi ya tsinke tsirkiya ko ya sassauta ƙusa.

Kyautar da ta fi kowacce amfani, amma aka fi yin sakaci wajen sayenta, ita ce ƙaramar na'urar auna danshin iska. Allon katakon da ke ƙara sauti yana shan danshi ya kumbura, sauti ya hau; in iska ta bushe ya janye, sauti ya sauka. Fiyano ya fi son danshin da ke tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. A Kano ko Kaduna, hunturu kan kai shi ƙasa da kashi 20, damina kuma ta haura da shi sama da 70, shi ya sa fiyanon coci ko na makaranta yake saurin kaucewa daga ma'aunin 440, wato mizanin sautin da ake saita fiyano a kai. Mai na'urar a ɗakinsa yana ganin dalilin da idonsa, ba zai ce aikinka na saita sauti ne bai yi kyau ba. Matsalar ita ce na'urori masu araha sukan yi ƙarya. Kafin a raba, a gwada su: a zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a rufe shi da na'urorin a cikin leda mai zif har kwana guda. Ta kirki za ta nuna kusan 75. Wadda ta kauce da fiye da maki biyar a mayar da ita. A sa batir sabo, a liƙa lambar waya a bayanta.

Biro ma kuskure ne. Malaman kiɗa da ɗalibansu da fensir suke yin alama a takardar waƙa don su iya gogewa. A zaɓi mai laushi, 2B, mai kusurwa shida ko uku. Mai santsi zagayayye yana gangarawa ta bayan murfin maɓallai ya faɗa ciki, sai maɓalli ya maƙale, a kira ka ciro fensirin da sunanka ke jiki.

Wajen bugawa, mutane kan cika kyauta da hoto da taken kasuwanci su manta da gurbin rubuta kwanan wata. Kati ko maganaɗisun liƙa wa firji mai layi biyu, "An saita ranar" da "Saiti na gaba", ya fi kalanda aiki, kuma ba ya tsufa da ƙarewar shekara. Mai abokan ciniki 60 bai kamata ya buga kalanda 500 don kawai mai ɗab'i ya rage farashi ba.

Idan abokin cinikin coci ne, otal ko makaranta, kyauta mai tsada ga jami'in da ke sa hannu a takardar biya tana iya kama da toshiya. A ba ɗakin kiɗan kansa: na'urar danshi a bango, ko shimfiɗar ulu da ake rufe maɓallai 88 da ita saboda ƙurar hunturu, a miƙa ta a gaban wanda yake kaɗa fiyanon.