Katakon lilo: inda muke kuskure wajen horar da kare

Tun da aka fara nuna wasan tsallake shingaye na karnuka a gasar Crufts ta Ingila a 1978, katakon lilo yana cikin abubuwan da suka fi ba kare tsoro. Katako ne mai tsawon kusan mita 3.7 da faɗin santimita 30, an ɗora tsakiyarsa a kan matokari. Kare ya hau ta gefe guda, nauyinsa ya rinjayi ɗaya gefen, ya sauka.

Babban kuskurenmu a nan Birnin Kebbi shi ne yi wa kowane kare horo iri ɗaya. Ƙaramin kare ba shi da nauyi, sai ya kai kusan ƙarshen katako kafin ya rinjaya. Na ga wata 'yar karya ta tsaya cak a tsakiya, ƙafafu na rawa, mai ita ya sa hannu ya danna mata. Kada ka yi haka, za ta saba da jiran hannunka. Ajiye ɗan kilishi a can bakin katakon, ta koyi tafiya har ƙarshe, ta tsuguna ta jira ya sauka.

Babban kare kuwa, irin karnukan farautarmu masu dogayen ƙafafu, da ya wuce tsakiya kaɗan katako zai faɗi garam! Wannan ƙarar ce take firgita shi, kuma in ya firgita sau ɗaya, sai ka yi makonni kana lallashi. Ka fara da katakon a ƙasa-ƙasa, ka sa buhun ƙaiƙayi ko tsohuwar taya inda zai bugi ƙasa, ka riƙa ba shi lada duk lokacin da ya ji ƙarar bai gudu ba. Abin da ya fi damuna shi ne barin kare ya diro kafin katako ya taɓa ƙasa. A gasa laifi ne, a gida kuma targaɗe ne.

Wani lokaci laifin na katakon ne. Ɗora nauyin kilo 1 kusa da ƙarshensa. In bai sauka cikin daƙiƙa 2 zuwa 3 ba, mayar wa kafinta ya gyara. A zuba yashi a cikin fenti saboda santsi.

Kwikwiyo kada ya hau cikakken tsayi, ƙashinsa bai ƙosa ba. A zafin Afrilu kuma, horo sai da sassafe ko da yamma. Taɓa katakon da tafin hannunka tukuna, in ya ƙona ka, a bari sai yamma.