Mai ciwon hanta ya yi aman jini: me za a yi, wane magani ya fi?

Jama'a idan mai ciwon hanta ya yi aman jini, ko kashinsa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, dan Allah kar a ce ulsa ce a tura yaro kemis. Hanta idan ta ƙandare jinin da ke zuwa mata daga hanji da saifa baya samun wucewa, sai ya nemi wata hanya ta ƙananan jijiyoyin maƙogwaro, su kumbura, wata rana ɗaya ta fashe. A wajenmu yawanci hepatitis B ne ke jawo shi, sai kuma wani nau'in tsutsar tsargiya mai kama hanta, masu noman rani da kamun kifi irin na Dadin Kowa su kula.

Farko a kwantar da shi ta gefe kar jinin ya shaƙe shi, ba kunu ba jiƙo ba komai, a nufi babban asibiti irin asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe (FTH), tun a ƙofa ku tambaya ko ana yin endoskofi, wato leƙa ciki da na'ura mai kyamara, kuma a tafi da 'yan uwa masu iya bada jini. Amma fa kar ku matsa wa likita ya yi ta ɗura leda bayan leda, da gangan ake tsayawa idan ƙarfin jinin, wato haemoglobin, ya kai 7 zuwa 8, cika shi da yawa ƙara matsi yake yi jijiyar ta sake ɓallewa. Za a sa allurar rage matsin, octreotide ko terlipressin, da ceftriaxone saboda ƙwayoyin cuta, ana so a yi endoskofin kafin awa 12 su cika.

Toh a nan zaɓin yake. Akwai ɗaure jijiyar da 'yar roba, akwai yi mata allurar da ke busar da ita. Ɗaurin roba ya fi, jinin bai cika dawowa ba kuma bai cika barin gyambo ko ƙuntata maƙogwaro ba kamar allurar, ita allurar sai inda babu roba. Balan-balan da ake zurawa a hura ya danne wajen kuwa na wucin gadi ne, baya wuce awa 24. Idan duk suka gaza akwai TIPS, bututu ne ake sakawa a cikin hantar jini ya samu hanya, yana tsayar da jini sosai amma yana iya kawo ruɗewar hankali, ga tsada, ga shi ba ko'ina ake yi ba.

Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne bayan sallama, jini ya tsaya shikenan an warke. Ina! Roba zama ɗaya bata isa, ana komawa duk sati 2 zuwa 4 har jijiyoyin su ɓace, sannan a haɗa da ƙwayar propranolol ko carvedilol kullum, robar da ƙwayar tare sun fi kowanne shi kaɗai. Mai asma ya faɗa wa likita kafin a rubuta masa. Diclofenac da ibuprofen da asfirin a yi sallama da su, giya kuma ba ma a magana. Mai hepatitis B ya riƙe tenofovir ɗinsa idan an ɗora shi, mata da yaran gidan su je gwaji da rigakafi.