An ce kana da suga? Ga yadda za ka tafi da likitanka

Abu na farko da nake roƙon duk wanda aka gaya wa yana da ciwon suga shi ne ya samu likita ɗaya ya riƙe shi, kati ɗaya, fayil ɗaya. Mu nan Zariya mun saba da yawo, yau asibitin Shika, gobe asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, jibi kemis ɗin bakin layi, gata kuma wani ya ce akwai mai sassaƙe a Giwa, kowa ya rubuta nasa kuma ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya bayar. Suga ba maleriya ba ce da za a yi allura kwana uku a sallame ka, tafiya ce doguwa, shi ya sa kake buƙatar likitan iyali, wato wanda ke duba mutum gaba ɗayansa, ya san hawan jininka, ya san sana'arka da irin abincin gidanka. Asibitin koyarwa na ABU yana da sashen likitocin iyali, ana samunsu kuma a wasu asibitocin kuɗi. In likitan ya ga abin ya fi ƙarfinsa shi da kansa zai tura ka wajen ƙwararre, sannan ka dawo hannunsa.

Kafin ranar kilinik ka sayi ɗan littafi na 'yan makaranta. A nan za ka rubuta komai, kuma a shafin farko ka jera tambayoyinka tun daga gida, don layi yana da tsawo kuma in ka shiga minti kaɗan za ka samu, kana zama sai kan ya ɗauke. Tambaye shi wane iri ne naka, na ɗaya ko na biyu. Yawancin manya na biyu ne. Tambaye shi lambar da yake so ka riƙa gani. Ka zuba duk magungunan da kake sha a leda ka tafi da su, har da na gargajiya, har garin da inna ta aiko daga ƙauye, kar ka ji kunya. Likita ba zai iya gyara abin da aka ɓoye masa ba, kuma wasu jiƙe-jiƙen in suka haɗu da na asibiti suna faɗar da suga ƙasa sosai ko su taɓa ƙoda.

Yanzu lambobi, nan ne mutane suke rikicewa. Ana cewa mutum yana da suga in gwajin safe kafin ya ci komai ya kai 7.0 ko sama, a wani injin gwada suga kuma za ka ga 126, duk abu ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta, ka ninka ƙaramar lambar sau 18 sai ta ba ka babbar. Saboda haka ka san da wane ma'auni injinka yake magana. Ga yawancin mutane ana son gwajin safe ya zauna tsakanin 4.4 da 7.2, wato 80 zuwa 130. Akwai kuma gwajin da za ka ga an rubuta HbA1c a takarda, shi yana nuna yadda sugan ya kasance a kusan wata 3 da suka wuce, galibi ana son ya sauka ƙasa da 7 cikin ɗari, kuma a farko duk wata 3 ake maimaitawa. Wannan gwajin ne ya sa ba amfanin ka ƙi cin abinci kwana biyu kafin kilinik don lamba ta yi kyau, dan Allah kar ka yi haka. Ka rubuta abin da inji ya nuna ko da ya ba ka haushi, ka sa rana da lokaci, a gefe ka sa abin da ka ci, misali masa shida da shayi mai madara, 13.5 bayan awa 2. Likita na ganin layin nan ya san inda zai taɓa.

Magani kuma, yawanci da metfomin ake farawa. Yana iya sa tashin zuciya ko gudawa a satin farko, shi ya sa ake sha da abinci kuma ake ƙara shi a hankali, in ya dame ka koma ka faɗa, kar ka ajiye shi shiru. Wasu ƙwayoyin irin su gilibenkilamaid, da allurar insulin, suna iya faɗar da suga, za ka ji rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani, jiri. In inji ya nuna ƙasa da 3.9, wato 70, ka sha cokali ɗaya babba na sukari a ruwa ko rabin kwalbar lemo, ka jira minti 15 ka sake gwadawa, sannan ka ci abinci. Ka koya wa matarka ko mijinki da manyan yara wannan, kuma in mutum ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a yi da shi. In kuwa likita ya ce insulin, ba wai an gama da kai ba ne, magani ne kamar kowane, sai dai ka tambaye shi yadda za ka adana shi a zafin Maris da Afrilu ga rashin wuta.

Maganar abinci ka yi ta da shi da sunan abincin gidanku. Ba a ce ka koma acca da alkama kaɗai ba, su ma in ka cika kwano suga zai hau. Rage malmalar tuwo, ƙara miyar ganye, zogale, rama, wake, kifi. Abin da ya fi saurin ɗaga suga shi ne na sha, lemon kwalba, zoɓo da kunun zaƙi, fura da aka zuba wa sukari, ga rake da mazarƙwaila da muke da su a wadace ta wajen Maƙarfi. Zuma ma tana ɗaga shi. Tafiyar ƙafa minti 30 sau 5 a sati tana aiki sosai, bayan asuba ko bayan la'asar.

Akwai abubuwan da in likita ya manta saboda cunkoso kai ka tuna masa: awon hawan jini duk zuwa, gwajin ƙoda na fitsari da jini sau ɗaya a shekara, duba cikin ido tun yanzu ko da kana gani garau, sai ƙafa. Ƙafar nan ita ta fi tsaya min a rai. Suga yana kashe jijiyoyin da ke sa ƙafa ta ji zafi, mutum ya taka ƙusa bai sani ba. Duk lokacin alwala ka duba tsakanin yatsu ka tsane su, ka shafa mai a faso musamman da hunturu, kar ka gasa ƙafa a kaskon wuta, kar ka yarda a yanke maka farce da reza har ya shiga nama. Ƙaramin ciwo in ya kwana biyu bai kama hanyar warkewa ba, kar ka jira ranar kilinik.

In kuɗin magani ya yi maka nauyi gaya wa likita kai tsaye, ya fi ka riƙa raba ƙwaya biyu a ɓoye, sau da yawa akwai mai sauƙin kuɗi da ke aiki iri ɗaya, ka kuma tambayi yadda ake shiga inshorar lafiya ta jihar Kaduna, wato KADCHMA, ko ta tarayya.

Azumi kuma, ka je wajensa sati 6 zuwa 8 kafin Ramadan a tsara lokutan magani, ya gaya maka ko jikinka zai ɗauka. In kana azumi suga ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6 ana karyawa ne nan take, sai ka rubuta a littafin ka kai masa a zama na gaba.