Yadda Ake Mayar da Tarihin Rayuwar Wani Ɗan Uwa Littafi

A da, wanda yake son buga littafi dole ne ya je maɗaba'a ya biya kuɗin ɗaruruwan kwafi a lokaci guda, domin tsohon injin bugu yana aiki ne da faranti na ƙarfe, kuma haɗa waɗannan faranti yana da tsada ko da kwafi goma kawai ake so. Wannan ne ya sa tarihin iyaye da kakanni da yawa ya tsaya a baki, har masu shi suka rasu ya tafi tare da su. Yanzu akwai hanyar da ake kira bugu gwargwadon buƙata, wato kamfani ya ajiye littafinku a kwamfuta, duk lokacin da wani ya nema sai a buga masa kwafi ɗaya ko biyu, a haɗa bango, a aika masa. Kamfanin Lulu ya fara wannan aiki a shekarar 2002, IngramSpark ya soma a 2013, Amazon kuma yana yi ta sashensa na Kindle Direct Publishing, wanda ake taƙaitawa KDP, bayan ya haɗe shi da CreateSpace, wani sashensa na buga littattafai, a 2018.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, waɗannan kamfanoni ba sa gyara rubutu. Abin da kuka ɗora musu shi za su buga, da kuskurensa da daidansa. Saboda haka nauyin littafin gaba ɗaya yana wuyan iyalin da suka rubuta shi.

Tattara labari

Aiki mafi gaggawa shi ne ɗaukar muryar mai tarihin tun yana da rai da lafiya. Sauran matakai duka suna iya jira, wannan kuwa ba ya jira. Wayar hannu ta wadatar, muddin an zauna a wurin da babu hayaniya kuma an ajiye ta kusa da mai magana. Ya fi kyau a yi zama gajeru masu yawa maimakon zama ɗaya mai tsawo, domin dattijo yakan gaji, kuma sau da yawa sai bayan an tashi wani abin da ya manta yake faɗo masa. A farkon kowane zama, mai ɗauka ya faɗi ranar da sunan mai magana, bayan an gama kuma a kwafe fayil ɗin zuwa wuri na biyu, saboda waya tana ɓata tana kuma lalacewa.

Irin tambayar da aka yi ita take jawo irin amsar da za a samu. Idan jika ya ce, "Kaka, kin sha wahala kina yarinya?" amsar ba za ta wuce i ko a'a ba. Idan kuwa ya ce, "Kaka, ki ba mu labarin gidan da kika tashi, su wane ne a ciki, kuma me kuke yi da safe?" to ya buɗe mata ƙofa. Haka nan idan ɗa yana hira da mahaifinsa, gara ya ce, "Baba, yaya aka yi kuka fara wannan sana'a, wa ya koya muku?" sannan ya yi shiru ya saurara. Kada a katse mai magana domin a gyara masa shekara ko suna. A rubuta abin da ake shakka a takarda, a dawo gare shi a wani zaman. Tsofaffin hotuna da wasiƙu da takardun aiki suna taimakawa ƙwarai, domin dattijo yakan ga hoto ɗaya ya tuna abin da tambaya ashirin ba ta tono ba.

Idan mai tarihin ya riga mu gidan gaskiya, sai a koma ga matarsa ko mijinta, da 'yan uwa, da abokan aiki, da maƙwabta. A nan ne za a ga mutum biyu sun ba da labarin abu ɗaya ta fuska biyu. A ganina bai kamata marubuci ya zaɓi wanda ya fi masa daɗi ya binne ɗayan ba. Ya rubuta cewa wane ya ce kaza, wance kuma ta ce kaza, domin jikokin da za su karanta nan gaba suna da haƙƙin sanin inda aka tabbatar da inda aka yi saɓani. Shekarar da babu takarda a kanta, a rubuta "wajajen shekara kaza", kada a ƙirƙiro rana domin littafi ya yi kyau.

Izini da sirrin mutane

Wannan sashe ne mutane suka fi gaggawar tsallakewa, alhali shi ne yake iya raba zumunci. Tarihin mutum ɗaya ba ya zuwa shi kaɗai, yana ɗauke da labarin aure da rabuwa, da bashi, da rashin lafiya, da rikicin gado, kuma waɗanda abin ya shafa ko 'ya'yansu suna nan da rai. Abin da aka faɗa a ɗaki cikin hira yana wucewa, amma abin da aka buga yana zama, kuma yana iya faɗawa hannun wanda ba a yi zato ba. Don haka a karanta wa mai tarihin duk abin da aka rubuta kafin a buga, idan ya ce a cire wani abu a cire, ko da marubuci yana ganin nan ne labarin ya fi armashi. Zargin laifi a kan mutumin da aka ambaci sunansa, ba tare da hujja ba, yana iya kai marubuci kotu bisa ɓata suna. Haka kuma hoton da mai sana'ar ɗaukar hoto ya ɗauka, ko rubutun da aka ciro daga jarida, galibi haƙƙin mallakarsa yana hannun mai shi, sai an nemi izini.

Shirya shafuka

Bayan an mayar da hirar rubutu, an tsara ta babi babi, an kuma ba mutum biyu ko uku sun duba kurakurai, sai a zaɓi girman littafi kafin a fara jera shafuka. Girman da aka fi amfani da shi shi ne inci 6 a faɗi da inci 9 a tsawo, akwai kuma A5 mai santimita 14.8 da 21. Ana barin fili a gefen kowane shafi, kuma gefen ciki, inda ake manne takardu, yana buƙatar fili fiye da na waje don kada rubutu ya shige cikin ɗauri. A ƙa'idar KDP, littafi mai shafi 24 zuwa 150 yana buƙatar aƙalla inci 0.375 a gefen ciki, mai shafi 151 zuwa 300 kuma rabin inci.

Hotuna su ne suka fi ba da matsala. Injin bugu yana son ɗigo 300 a kowane inci, ma'ana hoton da za a buga a girman inci 4 da 6 sai ya kasance yana da ɗigo 1200 da 1800. Hoton da aka turo ta WhatsApp yawanci an matse shi, yana iya yin kyau a fuskar waya amma ya fito dishi-dishi a takarda. A nemi asalin hoton a ɗauke shi da na'urar sikana, idan ƙarami ne kuma ana son a faɗaɗa shi, a ɗauka a kan ɗigo 600. Ƙarƙashin kowane hoto a rubuta sunayen waɗanda suke ciki tun akwai mai gane su. Bugu mai launi ya fi baƙi da fari tsada nesa ba kusa ba, kuma tsofaffin hotuna suna fitowa da kyau a baƙi da fari.

Mai rubutu da Hausa ya kula da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin ba kowane samfurin haruffa yake da su ba. Charis SIL da Noto Serif suna da su, kuma kyauta ake samunsu. A adana littafin a matsayin PDF tare da cusa samfurin haruffan a cikinsa, in ba haka ba injin kamfani yana iya sa akwati fanko a gurbinsu. A kuma duba jerin harsunan da kamfanin yake karɓa kafin a yi nisa.

Bango fayil ne dabam wanda ya haɗa gaba da baya da gadon baya, wato gefen da aka ɗaure shafuka, kuma kaurin gadon bayan ya danganta da yawan shafuka. A takarda mai ruwan madara ta KDP, shafi 200 yana ba da rabin inci. Saboda haka sai an kammala cikin littafi ake haɗa bango, kuma kamfanonin suna ba da ma'auni da za a bi.

Na gida ne ko na kasuwa

Idan littafin na dangi ne kawai, Lulu yana ba da damar a buga ba tare da an fitar da shi kasuwa ba, kuma ba a buƙatar lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake gane shi da ita a kasuwa. Idan ana son sayarwa, to ana buƙatar wannan lamba mai alƙaluma 13. KDP da Lulu suna bayar da ita kyauta, sai dai lambar kyauta tana ɗaure da kamfanin da ya bayar, ba a tafiya da ita wani wuri. Littafin da aka fitar ta KDP kowa yana iya saye, don haka iyali su zauna su yanke shawara tun da wuri. A lissafa kuɗin aikawa ma, domin idan wurin bugu yana da nisa, yana iya zarce kuɗin littafin kansa.

Kafin a yi odar kwafi masu yawa, a fara neman kwafin gwaji guda ɗaya. A karanta shi da alƙalami a hannu tun daga bango har bango, a duba sunaye da shekaru da lambobin shafi, a ga ko hotuna sun yi duhu, a kuma kai wa mai tarihin ko babban gida ya gani da idonsa. Idan an sami kuskure, a gyara fayil ɗin a sake ɗorawa, a nemi wani kwafin gwajin, sai an gamsu sannan a yi odar na rabawa.

Aikin wannan mako: mai karatu ya zaɓi mutum ɗaya daga danginsa, ya nemi izininsa, ya rubuta tambayoyi goma waɗanda ba a amsa su da i ko a'a, sannan ya ɗauki hirar minti ashirin.