Yadda Za a Shirya Ziyarar Gandun Dajin Akagera daga Legas

Duk wanda ya san Yankari zai iya auna girman Akagera cikin sauƙi, domin faɗinsa murabba'in kilomita 1,122 ne, wato kusan rabin Yankari. Yana gabashin ƙasar Ruwanda, a kan iyakarta da Tanzaniya, kuma ya samo sunansa daga kogin da ya ratsa gefensa. Duk da ƙanƙantarsa, akwai giwa da zaki da ɓauna da damisa da karkanda a cikinsa, ban da raƙumin dawa da jakin dawa da dorina. Ƙanƙantar tasa ce ma take yaudarar baƙi, har su ɗauka za su iya fitowa daga Kigali, babban birnin ƙasar, da safe su gama komai su koma kwana. A ganina wannan ɓarnar kuɗi ce. Wanda ya taso tun daga Agege ko Obalende ya kamata ya ware wa dajin kwana biyu cikakku, ya kuma kwana a cikinsa.

Shiri yana farawa ne tun daga Legas. Ana buƙatar fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata shida kafin ya ƙare, sai katin rigakafin cutar shawara, wanda ake samu a ofishin lafiya na hukuma da ke kula da matafiya, kuma dole a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin ranar tashi. Batun biza ba shi da wahala, domin Ruwanda tana ba 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka izinin zaman kwana 30 a filin jirgi ba tare da biyan kuɗi ba. Jirgin RwandAir yana tashi daga filin jirgin sama na Murtala Muhammed zuwa Kigali, tafiyar awa huɗu da ɗoriya, kuma agogon can yana gaban namu da awa ɗaya. Naira ba ta da amfani a can, saboda haka a nemi dala a wurin 'yan canji tun a nan, a zaɓi sababbin takardu marasa yagewa ko rubutu. Kafin a rufe akwati a fitar da duk wata leda, domin ƙasar ta haramta ta tun 2008, kuma ana karɓe ta a wurin shiga. Mai ɗauke da kilishi ko dambun nama a matsayin guzuri ya nemi wani mazubi.

Lokaci mafi dacewa shi ne daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da ruwa ya ɗauke, ciyawa ta kwanta, dabbobi kuma suka taru kusa da tafkuna. Akwai wani gajeren rani daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu. Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, daji ya yi kore shar, amma hanyoyi sukan yi santsi. A kuma lura da Asabar ta ƙarshen kowane wata, domin da safiyarta ake aikin gayya na ƙasa baki ɗaya da suke kira Umuganda, shaguna a rufe, zirga-zirgar motoci kuma a taƙaice har wajen hantsi.

Daga Kigali zuwa ƙofar kudu ta gandun tafiyar kimanin awa biyu da rabi ce, ta garin Kayonza, kuma a can ya kamata a cika tankin mota a sayi ruwan sha. Ana tuƙi a hannun dama kamar yadda muke yi a Najeriya, amma duk da haka ya fi kyau a ɗauki hayar mota mai ƙarfin shiga daji tare da direbanta, mai rufin da ake ɗagawa idan hali ya yi. A wurin karɓar baƙi ake biyan kuɗin shiga, a nan kuma ake ɗaukar ɗan jagora daga cikin mutanen ƙauyukan da ke kewaye da dajin waɗanda aka horar don wannan aiki. Kada a yi ƙyashin kuɗinsa. Shi ne zai tsayar da mota a inda baƙo bai ga komai ba sai busasshiyar ciyawa, ya nuna kunne guda yana motsi a gindin itace, sai a hankali siffar zakanya ta fito.

Tsarin da ya fi dacewa shi ne a ba kudu ranar farko. Nan ne tafkin Ihema yake, inda ake hawa jirgin ruwa a kewaya gaɓa, kuma na yamma ya fi daɗi. Dorinai sukan nutse su bar ido da hanci kawai a saman ruwa, kadoji kuma suna kwance a bakin gaɓa baki buɗe, ga tsuntsaye iri-iri, domin an ƙirga kusan nau'i 500 a dajin. A rana ta biyu a tashi da asuba a nufi arewa. Hanyar ta ƙasa ce, ba a wuce gudun kilomita 40 a awa, don haka tafiyar takan cinye mafi yawan yini kafin a isa filin Kilala, inda sarari ya buɗe, garkunan ɓauna da jakunan dawa da barewa suka bazu. Ana fita ta ƙofar arewa, wadda ta fita ce kawai, shi ya sa ba a juya wannan tsari.

Zaki da karkanda da ake gani yau sababbin zuwa ne, kuma sanin hakan yana taimaka wa baƙo ya daidaita burinsa. An kafa gandun a 1934, amma bayan kisan ƙare dangi na 1994 'yan gudun hijira sun dawo da shanunsu, aka yanka musu fiye da rabin dajin a 1997, zakuna kuma suka ƙare saboda gubar da ake sa musu don kare dabbobin gida. A 2010 hukumar raya ƙasa ta Ruwanda ta haɗa hannu da ƙungiyar African Parks mai kula da gandayen daji a Afirka, aka kafa shingen lantarki a iyakar yamma, aka kawo zakuna bakwai daga Afirka ta Kudu a 2015, baƙaƙen karkanda 18 a 2017, sannan farare 30 a 2021. Sun hayayyafa, amma daji ba gidan zu ba ne, babu mai ɗaukar alkawarin za a ga zaki. Damisa kuwa sai an yi sa'a, kuma an fi dacewa da ita a fitar dare da ma'aikatan gandun suke shiryawa da motarsu da fitila.

Wurin kwana ya danganta da aljihu. Akwai masauki irin Ruzizi a bakin tafkin Ihema, akwai Magashi a arewa mai tsadar gaske, akwai kuma filayen kafa tanti kamar Muyumbu da Mutumba ga mai neman sauƙi. A kama wuri tun kafin a bar Legas, musamman a watannin rani, kuma a sanar da su tun da wuri cewa ana son abincin halal, ko a tsaya ga kifi da ganye. Yankin yana kan tudu, dare da asuba akwai sanyin da mazaunin Legas bai saba da shi ba, saboda haka a ɗauki rigar sanyi. A guji tufafi baƙi ko shuɗi domin suna jawo ƙudan tsando, wanda cizonsa yake ratsa yadi mara kauri, kuma a ga likita game da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro.

Ba a sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe, ba a ba gwaggon biri abinci, kuma idan giwa ta tare hanya tana kaɗa kunnuwa sai a tsaya nesa a jira ta wuce. Wannan doka ta shafi salla, domin ba a shimfiɗa darduma a duk inda lokaci ya riski mutum. A yi alwala tun daga masauki, a gaya wa ɗan jagora tun da safe domin ya tsara tsayawa a wurin hutawa da azahar, matafiyi kuma yana da rangwamen ƙasaru da haɗa azahar da la'asar. Ana rufe ƙofofi da ƙarfe 6 na yamma, don haka a bar filin Kilala da sauran rana.